Kuɗin diyyar ƙwaya a Bajiniya ta Yamma: wa zai kai mai jinya asibiti?

A ƙarshen shekarar 2023 gundumomi da biranen jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka suka karɓi zubin farko na kuɗin sulhun da aka yi da kamfanonin magunguna. Dala miliyan 73.5 aka raba musu, kowa gwargwadon yadda annobar ƙwaya ta taɓa shi. Takardar yarjejeniyar ta jera abubuwan da ya halatta a kashe kuɗin a kansu, kuma a cikin jerin akwai wani layi da ba ya ɗaukar ido: biyan kuɗin sufurin mai jinya zuwa inda ake ba shi magani. A jihar da zuwa asibiti kan cinye wa mutum rabin yini, da an yi zaton wannan layin za a fara runguma. Da rahoton farko ya fito, sai aka ga 'yan sanda ne suka kwashi kaso mafi tsoka, har da motocin sintiri.

Inda kuɗin suka fito

Ƙwayoyin da ake magana a kansu dangin ofiyom ne, masu kashe zafin ciwo, irin su oksikodon da haidirokodon. Tiramol da kodin da suka addabi matasanmu daga Kano zuwa Maraɗi 'yan gida ɗaya ne da su, sai dai na Amurkan sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, ya baza wakilai ofis-ofis suna shaida wa likitoci cewa da wuya maganin ya kama mutum. Bajiniya ta Yamma ƙasar haƙar kwal ce da saran katako, ayyukan da ke barin mutum da ciwon baya da na gwiwa tun bai kai hamsin ba. Kasuwa ta buɗe.

A Disamban 2016 wani ɗan jarida na jaridar Charleston Gazette-Mail, Eric Eyre, ya bankaɗo alƙaluman da kamfanonin dillancin magani suka so a rufe. Cikin shekara shida, daga 2007 zuwa 2012, an shigar da ƙwaya miliyan 780 ta waɗannan nau'o'i biyu cikin jihar da mutanenta wajen miliyan 1.8 ne kacal, kuma mutum 1,728 suka mutu da su a tsawon lokacin. Garin Kermit da ke gundumar Mingo, mai mutum 392, an kai wa kantin magani ɗaya a cikinsa ƙwaya kusan miliyan 9 cikin shekara biyu. Binciken ya samo masa kyautar Pulitzer a 2017.

Da hukuma ta matsa wa likitoci lamba, waɗanda ƙwayar ta riga ta kama ba su warke ba. Sun koma hiroyin ta bakin titi, daga baya fentanil, wanda ɗan ƙanƙani daga cikinsa ya isa ya tsayar da numfashi. Ranar 15 ga Agustan 2016 mutum 26 suka faɗi saboda ƙwaya ta yi musu yawa a birnin Huntington cikin 'yan awowi. A 2021 jihar ta rasa kusan mutum 91 cikin kowane dubu ɗari sanadin ƙwaya, adadin da babu jihar da ta kai shi a Amurka.

Sai shari'a. A matakin ƙasa, manyan dillalai uku, wato McKesson da Cardinal Health da AmerisourceBergen, tare da Johnson & Johnson, sun amince a 2021 za su biya dala biliyan 26. Bajiniya ta Yamma ta bi tata hanyar daban a ƙarƙashin babban lauyanta na lokacin, Patrick Morrisey, wanda ya zama gwamna a Janairun 2025. Johnson & Johnson ya biya dala miliyan 99, Teva da Allergan miliyan 161.5, dillalan uku suka amince da miliyan 400 ga gundumomi da birane, sannan manyan kantuna irin su Walmart da CVS da Walgreens da Kroger suka biyo baya. Jimillar ta kusa dala biliyan ɗaya kafin lauyoyi su cire nasu. Huntington da gundumar Cabell, inda abin ya fi muni, sun kai dillalan kotu su kaɗai suna neman biliyan 2.5, alƙali David Faber ya kayar da su ranar 4 ga Yulin 2022, suka ɗaukaka ƙara.

Rabon kuwa haka yake: kashi 72.5 cikin ɗari na wata gidauniya ce mai zaman kanta, West Virginia First Foundation, wadda majalisar jihar ta amince da ita a doka a 2023, kashi 24.5 na ƙananan hukumomi ne kai tsaye. Kashi 3 na gwamnatin jiha. An killace kaso mafi yawa a gidauniya ne don an ga abin da ya faru da kuɗin taba. A 1998 kamfanonin sigari sun amince su biya jihohi 46 dala biliyan 206, kuma abin da ya tafi wajen hana shan taba bai taka kara ya karya ba. Ita kanta Bajiniya ta Yamma a 2007 ta sayar da haƙƙinta na kuɗin tabar da za su shigo nan gaba, ta zuba dala miliyan 807 a asusun fanshon malamai. Mutanen Kano ma sun san irin wannan tambayar. Bayan gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a lokacin sanƙarau na 1996, sulhun 2009 ya kawo dala miliyan 75, aka ware miliyan 30 don ayyukan lafiya, kuma an daɗe ana cacar baki kan wanda ya amfana.

Tafiyar asuba

Don a fahimci me ya sa sufuri ya zama magana, sai an san yadda ake jinyar wannan cuta. Magunguna biyu ne suka fi tasiri, metadon da bufirenofin. Su ma dangin ofiyom ne, amma suna aiki a hankali, suna kwantar da ƙishirwar ƙwayar ba tare da sun bugar ba, mutum ya iya aikinsa ya kula da iyalinsa. Wani bincike da aka yi a jihar Massachusetts, aka wallafa a 2018, ya bi diddigin mutanen da suka taɓa faɗuwa aka ceto su, ya gano cewa mace-macen ofiyom sun ragu da kashi 59 cikin ɗari a tsakanin masu shan metadon, da kashi 38 a tsakanin masu shan bufirenofin. A harkar magani da wuya a sami abin da ke ceton rai haka.

Matsalar ita ce a Amurka ba a sayen metadon na jinyar shaye-shaye a kantin magani. Sai a asibiti na musamman mai lasisin gwamnatin tarayya. Irin waɗannan wurare kan buɗe tun kafin gari ya waye, don masu aiki su sha su wuce. Mutum ya shiga layi, ya ba da lambarsa a kanta, wani lokaci a miƙo masa ƙaramin gwangwani a ce ya kawo fitsari. Idan an kira shi ya tsaya gaban taga, nas ta danna na'ura, maganin ya zubo a ɗan kofin roba, ruwa-ruwa, galibi ja. Ya shanye a gabanta, ya kora da ruwa, ya yi magana don ta tabbatar bai ɓoye a baki ba. Idan babu layi, duka-duka bai fi minti biyar ba. Gobe ma haka. A tsohuwar doka, wadda aka yi shekaru ana aiki da ita, sabon mai jinya a wata uku na farko kusan kullum sai ya zo, kwana shida a mako.

Asibitocin metadon tara ne kacal a jihar mai gundumomi 55, kuma tun 2007 majalisar jihar ta hana buɗe sabo. Suna manyan garuruwa irin su Charleston, babban birnin jihar, da Huntington da Martinsburg. Jihar kuwa duwatsu ne daga farko har ƙarshe, hanyoyinta na bin bakin rafi suna lanƙwasa, ga manyan motocin kwal, ga ƙanƙara a lokacin hunturu.

A ɗauki mutumin garin Welch, hedikwatar gundumar McDowell a kudancin jihar. A 1950 mutanen gundumar sun kusa dubu ɗari. A ƙidayar 2020 ba su kai dubu ashirin ba, har babban kantin Walmart da ke can ya rufe a 2016. Daga Welch zuwa yankin Beckley, inda akwai asibitin metadon, wajen mil 50 ne, kilomita 80, tafiyar awa guda da wani abu. Zuwa da dawowa sau shida a mako ya kama mil 600. Hukumar harajin Amurka a 2024 ta ƙiyasta kowane mil a motar mutum kan santi 67, idan an haɗa mai da gyara da tsufan mota. Lissafin ya ba da dala 400 da ɗoriya a mako. Mafi ƙarancin albashi a jihar dala 8.75 ne a awa, wato dala 350 a makon aiki na awa 40, kafin haraji. Mai ƙaramin aiki, ko da ya ba da albashinsa kaf, bai biya hanyar ba. Wannan ma idan yana da motar ke nan. Da yawa sun sayar da ita tun lokacin da ƙwaya ke cin aljihunsu, wasu an ƙwace musu lasisi saboda tuƙi cikin maye, wasu kuma fitowarsu ke nan daga gidan yari da 'yar leda a hannu.

Fashin kwana ɗaya kuma ba ƙaramin abu ba ne. Jiki zai fara ciwo, ga zufa, ga amai, ga gudawa, ga rashin barci. Idan fashin ya kai 'yan kwanaki, asibiti kan rage masa adadin maganin a sake farawa daga ƙasa, saboda jikin ya fara mantawa. Dillalin fentanil kuwa yana unguwa, har gida yake kawowa. Mutumin da jikinsa ya rage sabo da ƙwaya, idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, a nan ake rasa shi. Wani bincike a jihar Washington da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa a mako biyu na farko bayan fitowa daga kurkuku, haɗarin mutuwa ta hanyar ƙwaya ya ninka na sauran jama'a sau 129. Waɗannan su ne ainihin mutanen da ba su da mota.

Bufirenofin ya fi sauƙi, don likita na iya rubuta shi a karɓa a kanti, kuma tun ƙarshen 2022 aka soke izini na musamman da likita ke buƙata kafin ya rubuta. Duk da haka akwai ganin likita, da gwajin fitsari, da zaman nasiha, da neman kantin da ke da maganin a ajiye. Kuma wasu waɗanda fentanil ya yi wa mugun kamu, metadon ne kaɗai ke riƙe su.

Ba a ce babu komai a ƙasa ba. Shirin Medicaid, inshorar lafiyar marasa ƙarfi, ya fara biyan kuɗin metadon a jihar a 2018, kuma yana ɗaukar nauyin kai marar lafiya asibiti. Sai dai ana yin odar motar kwanaki kafin ranar, kuma asibiti kawai take kaiwa. Ba ta kai mutum kotu, ba ta kai shi wajen jami'in da ke sa ido a kansa bayan sakinsa, ba ta kai shi taron masu murmurewa da dare, balle wajen neman aiki. A 2020 ma'aikatar lafiyar jihar ta haɗa gwiwa da ƙungiyar hukumomin sufurin jama'a suka fara kai masu jinya kyauta, da tallafin gwamnatin tarayya. Shiri ne mai kyau, amma shi ma sai an kira an jira kwana ɗaya zuwa uku, kuma rayuwarsa na rataye da kasafin gwamnatin tarayya da ke birnin Washington. Charleston da Huntington na da bas na gari. Akwai gundumomin da ba su da ko ɗaya.

Abin da gundumomin suka yi

Yarjejeniyar ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta riƙa ba gidauniyar rahoton abin da ta kashe. Rahoton farko, na shekarar kuɗi da ta ƙare a Yunin 2024, ya nuna an kashe kusan dala miliyan 7 daga cikin 73.5. Fiye da rabin wannan ya tafi harkar tsaro: motoci, kayan aiki, albashi. Gundumar Jackson ta zuba sama da rabin miliyan a wurin horar da jami'an tsaro mai filin koyon harbi. Wasu gundumomin suka biya bashin gidan yari. Abin da ya isa ga jinya da murmurewa kaɗan ne idan an kwatanta.

Babu wanda ya karya doka. Yarjejeniyar jihar ta ba ƙaramar hukuma damar ɗaukar har rabin kasonta ta mayar wa kanta abin da ta riga ta kashe a baya kan annobar, kuma ta ambaci 'yan sanda da kuɗin gidan yari ƙarara. Ba a Bajiniya ta Yamma kaɗai aka ga haka ba. Kafar KFF Health News, wadda ta fi kowa bin diddigin waɗannan kuɗi, ta ba da labarin wata gunduma a Alabama da ta saya wa ofishin 'yan sandanta motocin a-kori-kura biyu, da wani gari a Texas da ya sayi na'urar harba igiyar ɗaure mutum.

Ya kamata a yi wa kwamishinonin adalci. Yawancin gundumomin jihar mutum uku ne zaɓaɓɓu ke tafiyar da su, kuma ba likitoci ba ne. Tsofaffin malamai ne da 'yan kasuwa da manoma. Kuɗin shigar da suke samu daga kwal ya ja baya. Duk wanda aka kama a gunduma aka kai gidan yarin yanki, ita ke biyan kuɗin kwanansa, wanda aka yi shekaru yana kan dala 48.25 a kullum, kuma ƙwaya ce ta cika gidajen yarin. Idan kwamishina ya ce annobar ce ta jefa su bashi, gaskiya ya faɗa.

Sannan a duba yadda zaman nasu yake gudana. Ɗaki ne a benen kotun gunduma, da kujeru 'yan kaɗan, galibi da safe a ranar aiki. Shugaban 'yan sandan gunduma, wanda shi ma zaɓaɓɓe ne kuma ofishinsa na nan kusa, zai shigo da takarda daga dillalin mota, farashi a rubuce, ya ce motocinsa sun tsufa kuma yaransa ne ke fara isa duk inda wani ya faɗi. Buƙata ce mai kai da ƙafa, ana iya amincewa da ita cikin minti goma. Matar da ke buƙatar a kai ta Beckley kullum ba ta cikin ɗakin. Tana hanya, ko tana wurin aiki, ko kuma ba ta son maƙwabta su ji ta miƙe ta ce metadon take sha, a garin da kowa ya san kowa. Har yanzu akwai masu ganin metadon musayar maye ce da wani mayen, kuma wasunsu na zaune a kan kujerun yanke shawara.

Ga kuma yanayin kuɗin kansu. Zubi-zubi suke shigowa, wata shekara da kauri wata shekara ba yabo ba fallasa, kuma wata rana za su ƙare. Akawun gunduma zai ce kada a ɗauki ma'aikaci da kuɗin da ba su da tabbas. Mota ana saya sau ɗaya a wuce wurin. Shirin sufuri kuwa direba ne, da mai, da inshora, da mai ɗaukar waya, wata bayan wata. Ƙananan garuruwa da yawa abin da ya zo hannunsu 'yan dubbai ne, bai isa ya riƙe direba na shekara ba.

Duk da haka ina ganin lissafin nasu gajere ne, ko da da ma'aunin aljihun gunduma aka auna. Wanda kotun masu shaye-shaye ta saka bisa sharaɗi dole ya halarci zama, ya ba da fitsari duk ranar da aka kira shi ba zato, ya je nasiha. Idan ya yi fashi saboda babu mota, alƙali na iya mayar da shi ciki, kuma gundumar ce za ta biya kuɗin kwanan. Kwana talatin a kan wancan farashin na baya, dala 48.25, ya kusa dala 1,450. Gundumar da ta ƙi biyan kuɗin hanya tana biyan kuɗin ɗaki, kuma tana biya ne daga asusunta na yau da kullum.

Yadda ake yin sa idan an tashi yi

Hanyoyin ba su da wani sirri. Inda akwai bas, a saya wa mai jinya katin wata. Shi ya fi araha, amma bas ba ya shiga lungunan duwatsu kuma ba ya tashi da asuba. Inda mutum ke da mota ko ɗan'uwa mai mota, a ba shi katin shan mai. Masu binciken kuɗi ba sa son wannan, suna cewa ana iya sayar da katin. Ana iya, amma maganin abin ba wuya: asibiti ya sa hannu cewa ya zo, sannan a sake cika masa. A birane ana yin kwangila da Uber ko Lyft, sai dai a McDowell mutum zai buɗe manhajar ya tarar babu direba ko ɗaya, idan ma wayar ta sami sabis.

Wadda ta fi dacewa da karkara ita ce ƙaramar bas ta gunduma ko ta wata ƙungiya, wadda wani da ya taɓa shiga shaye-shaye ya fita ke tuƙawa. Jihar na ba irin waɗannan mutane horo da takardar shaida a matsayin masu tallafa wa 'yan'uwansu. Amfaninsu ya wuce tuƙi. Awa biyu a mota kullum lokaci ne mai tsawo, kuma mutum kan faɗa wa direban da ya san ciwon abin da ba zai faɗa wa likita ba. Idan aka yi hon a ƙofar gida ba a fito ba, wannan direban zai sauka ya ƙwanƙwasa, kuma da naloksan a aljihunsa, maganin da ake fesawa a hanci ya dawo da numfashin wanda ya faɗi, wanda tun 2023 ake sayar da shi ba tare da takardar likita ba. Shi kansa direban ya sami aiki, a wurin da mai tarihin ɗauri ke shan wuya kafin a ɗauke shi.

Huntington ta nuna cewa zuwa wurin mutane na aiki. Tun Disamban 2017 take da tawagar gaggawa, ma'aikacin lafiya da ɗan sanda da mai nasiha da malamin addini, waɗanda ke zuwa gidan duk wanda ya faɗi cikin kwana uku su tambaye shi ko yana son jinya. Amma amsar "e" ta mai shaye-shaye ba ta daɗewa. Idan ya amince da safe aka ce masa mota sai jibi, kafin jibin ciwon jiki ya canza masa ra'ayi. Wannan gurbin, na tafiyar yau-yau, shi ne Medicaid da shirin tarayya ba su cike ba, kuma shi ne kuɗin gunduma suka fi dacewa da shi, tunda babu wata doka daga Washington da ta ɗaure su.

Akwai wahalhalu na gaske. Inshorar ɗaukar fasinja na da tsada. Dokar tarayya ta tsananta sirrin masu jinyar shaye-shaye, don haka bas mai rubutu a jiki da ke tsayawa a ƙofar gida tallar mutum take yi. Dole ta zama farar mota kamar kowace. Mata masu goyo na buƙatar kujerar yara. Sannan sakamakon ba ya ɗaukar hoto. Kwamishina zai iya tsayawa gaban sabuwar motar sintiri jarida ta ɗauka, amma mutum arba'in da ba su yi fashin magani ba wata shida, babu wanda zai gan su.

Akwai kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da batun gaba ɗaya. Nisan nan da ake neman kuɗin cikewa, duwatsu sun kawo rabinsa, majalisar jihar ta kawo sauran. Ita ta hana buɗe sabon asibitin metadon tun 2007, a lokacin da ake yi wa asibitocin kallon wata kafar ƙwaya, kafin fentanil ya shigo. Duk dalar da gunduma ta kashe tana jigilar mutum mil ɗari a yini, tana biyan farashin wannan dokar ne. Gwamnatin tarayya ta riga ta sassauta nata ɓangaren. Tun 2021 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta yarda asibiti mai lasisi ya fitar da motar tafi-da-gidanka ta kai metadon ƙauyuka. A Afrilun 2024 sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ba asibiti damar ba sabon mai jinya maganin kwana 7 ya tafi da shi gida a mako biyun farko, na kwana 14 bayan haka, na kwana 28 bayan wata guda, idan likita ya gamsu. Wanda ke zuwa sau shida a mako ya koma sau ɗaya, kuɗin hanyarsa ya faɗo daga dala 400 zuwa ƙasa da 70. Sai dai dokar ta bar wa jihohi da asibitoci damar tsanantawa fiye da haka. Kwamishinan gunduma ba shi da ikon canza dokar jiha, amma yana da bakin magana a Charleston, kuma ƙungiyarsu ta kwamishinoni ta saba zuwa majalisa idan batun kuɗin gidan yari ya taso.

Ita ma gidauniyar, mai riƙe da dala miliyan 217.5 daga zubin farko, da ta buɗe neman tallafi a 2024 ta fi karkata ga hana yara fara sha, da gidajen kwanan masu murmurewa, da kula da jariran da aka haifa da ƙwaya a jiki, da shirye-shiryen kauce wa ɗauri. Ta raba sama da dala miliyan 10 a ƙarshen shekarar. Duk abubuwa ne masu kyau, kuma kowannensu sai an je shi da mota. Gidan murmurewa da aka gina a bayan gari, mazaunansa na buƙatar zuwa aiki da asibiti kamar kowa.

A 2024 mace-macen ƙwaya sun ragu sosai a Amurka, daga sama da 105,000 a 2023 zuwa wajen 80,000, kuma Bajiniya ta Yamma na cikin jihohin da suka fi samun sauƙi, da ragin da ya haura kashi 40 cikin ɗari a alƙaluman farko. Masana na danganta abin da dalilai da dama, ciki har da yawaitar naloksan da sauyin irin ƙwayar da ke yawo a kasuwa. Kuɗin sulhu ba za su ɗauki yabon ba, don a lokacin yawancinsu na banki. Raguwar mace-mace kuma na nufin ƙarin mutanen da ke raye suna neman jinya, wato ƙarin fasinjoji.

A lokacin rahoton farko, sama da dala miliyan 65 na kason ƙananan hukumomi ba a taɓa su ba, kuma wasu zubin na tafe shekaru masu zuwa. Yarjejeniyar ta raba jihar yanki shida, kowanne da wakilinsa a kwamitin gidauniyar mai mutum 11, kuma babu abin da ya hana gundumomi uku ko huɗu da ke tura mutanensu asibiti ɗaya su haɗa kasonsu su riƙe motoci biyu da mai ɗaukar waya ɗaya. McDowell da Wyoming da Mercer da Raleigh maƙwabtan juna ne, kuma hukumar bas ta Bluefield ta riga tana aiki a biyu daga cikinsu.